Kayan Mutane a Ɗakin Dawo Gobe

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana gyaran rediyo da talabijin, amma a layinsu babu mai ce masa mai gyara. Dawo Gobe ake kiransa, kuma shi ya jawo wa kansa. In ka kai masa rediyonka da safe, zai juya shi, ya kara shi a kunne, ya ƙwanƙwasa bayansa da yatsa kamar mai zaɓen kankana, sannan ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Ƙaramin abu ne. Dawo gobe." Goben in ka dawo zai karɓe ka da fara'a, ya ba ka benci, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya raka ka har bakin titi, ya ce ka dawo gobe.

A yi masa adalci, ba ha'inci ba ne, ba kuma rashin iya aiki ba. Matsalarsa ita ce in ya buɗe cikin abu ba ya iya rufewa. Zai gyara abin da aka kawo dominsa, sai idonsa ya faɗa kan wata waya da ba ta kwanta masa a rai ba, daga nan kuma sai wata. Masu haƙuri sun karɓi kayansu sun fi sabo. Marasa haƙuri, waɗanda su ne suka fi yawa a duniya, sun gaji da sintiri sun je sun sayi wani.

Sai kuma zamani ya juya masa baya. Aka fara ƙera kaya da gam, babu noti ko ɗaya da mutum zai kwance, in sun mutu a jefar. Wannan abu ya ɓata masa rai har cikin ƙashi. Yakan ɗaga irin waɗannan kaya ya nuna wa duk wanda ya tsaya, ya ce, "Dubi nan. Ko ƙofa ba su bar wa mai gyara ba. Wannan ai rashin tarbiyya ne." Da ciniki ya ja baya, mai shagon da yake haya ya ba wani mai sayar da rigunan wayar salula wurin. Dawo Gobe ya kwashe komai a baro, sawu goma sha tara, ya jibge a ɗakin da ke kusa da kicin a gidansa. Talabijin a kan talabijin har suka toshe taga, ɗakin ya zama ko da tsakar rana sai da tocila ake shiga.

Ba zai iya zubar da ko ɗaya ba, saboda dokoki biyu da ubangidansa ya dasa masa tun yana koyon aiki. Ta farko, ba a zubar da kayan mutane, mai shi zai zo. Ta biyu, ba a cire hanjin kayan wani a sa wa na wani. Waɗannan biyun ya riƙe su gam. Akwai kuma wata ɗabi'a tasa ta kansa. Allah bai ba shi riƙe suna ba, don haka duk abin da aka kawo sai ya manna masa farin salatif ya rubuta kamannin mai shi, yadda ya gan shi, ba ragi ba sakaya. Shi kaɗai yake karantawa, don haka bai taɓa jin akwai bukatar ya tausasa alƙalami ba.

Matarsa tela ce, ita ke ɗinka wa rabin yaran unguwar kayan makaranta. A baranda take aiki. Da safe rana ta gasa mata gefen fuska, in hadari ya taso ta kinkimi kan keke ta ruga ciki, in an ɗauke ta sake fito da shi. 'Ya'yansu duk sun girma sun kama gabansu, kuma shekara tara tana kallon ƙofar ɗakin nan tana haɗiye magana. Ranar da ɓera ya fito daga cikin wata lasifika ya yi wa wandunan makaranta guda shida tagogi a baya, ranar tura ta kai bango.

Ta same shi yana shan shayi, ta shimfiɗa masa wando ɗaya a kan cinya, ta zura hannu ta ramin ta yi masa sallama da yatsu.

"Maigida, ka ga aikin baƙinka."

"Ɓera ai na kowa ne, Maman yara."

"Wannan naka ne. A ɗakinka aka haife shi, a nan aka haifi kakansa. Na yi magana da Mai Sikeli. Asabar ta uku daga yau zai zo da amalanke."

Mai Sikeli shi ne mai sayen tsofaffin ƙarafa a ƙarshen layi, mutumin da in ya kalli abu ba ya ganin komai sai nauyinsa. Dawo Gobe ya ajiye kofi a hankali.

"Kayan mutane ne fa."

"Waɗanne mutane? Wasu sun tashi, wasu sun mutu, sauran sun manta. Bola ce, Maigida. In ba bola ba ce, ka nuna min amfanin ko guda ɗaya kafin ranar. In ka kasa, sikeli."

Kalmar nan ta bola ita ta fi yi masa zafi. Ya ji tsoro, irin tsoron da bai taɓa ji ba. In abin da ke ɗakin nan bola ne, to shekara talatin da ya yi a sunkuye a kan benci, hayaƙin dalma na shiga masa ido, me za a kira su? Bai iya gama shayin ba.

Washegari ya tafi filin Mai Sikeli, wai ya ga inda za a kai kayan, kamar mai duba makwanci tun kafin a yi rashi. A can gefe ya ga tsibin matattun fitilun sola, irin masu ɗan farantin karɓar rana a ka, waɗanda mutane ke saya su yi wata shida su jefar. Hannunsa bai iya ganin abu ya ƙyale, sai ya ciro mitar gwada wuta daga aljihu ya ɗora wa ɗaya. Allura ta yi tsalle. Ya gwada na biyu, ta sake tsalle. Ashe batir ne kawai ya mutu a cikinsu, farantan da ƙwayayen fitilar lafiyarsu ƙalau, suna nan kwance a rana suna ta aiki babu mai karɓa.

"Waɗannan na wane ne?" ya tambaya.

"Na wanda ya ɗauka," in ji Mai Sikeli, ko ɗagowa bai yi ba. "Roba ce, ba ta da nauyi. Kwashe, ka rage min shara."

Ba su da mai su, ke nan doka ba ta hau kansu ba. Ya cika buhu biyu ya ja su gida.

Niyyarsa ta farko mai sauƙi ce, ya mai da rediyo ɗaya fitila ya nuna wa matarsa, shi ke nan. Ya ɗauko wani tsohon rediyo mai lasifika biyu, ya dasa ƙwan fitila a tsakiyar kowace, ya hau tsani ya ɗora farantin a kan kwano, ya zuro waya ta wata ɓula. Da ya sauko ya rufe ƙofa, sai ya ga idanu biyu zuru-zuru suna kallonsa daga cikin duhu. Sai da ya ja da baya ya taka wani rimot. Mujiya ce sak. Ya tsaya yana kallonta, tana kallonsa. Can ya lanƙwasa eriyar ta zama kunnuwa, ya yanka murfin batir ya yi mata baki, ya zauna a ƙasa yana dariya shi kaɗai.

Daga nan ciwon nasa na kullum ya motsa, ya buɗe abu ya kasa rufewa. Fanka ta tsaye ta zama ɗawisu, fukafukanta uku a baje da ƙwayaye kore da shuɗi. Dutsen guga ya zama kunkuru mai jan ido. Allon madannan kwamfuta ya tsaga shi gida biyu ya yi kada, haruffan suka zama haƙora. Wata na'urar faifai da aka kawo da tulin faifanta a leda ta zama ƙaton kifi, faifan suka zama ɓawo, in haske ya bugi ɗaya sai ya watsu a bango kala-kala. Ko sau ɗaya bai karya doka ba. Kowace dabba daga kayan mutum ɗaya ta fito, ko da kuwa kada zai rasa ƙafa ɗaya alhali ga abin da zai dace a jikin fankar wani. Kowace da farantinta a kan kwano, da wayarta, da salatif ɗinta a manne inda yake tun farko.

Abu ɗaya ne bai sa ba, batir. Shekarun baya wani batirin waya da ya kumbura ya fashe masa a fuska ya tafi da girarsa ta hagu, ba ta sake fitowa ba, shi ya sa kullum rabin fuskarsa ke kama da ta wanda aka ba labarin mamaki. Tun ranar suka raba gari da batir. Don haka fitilunsa kai tsaye suke sha daga rana, in tana nan suna nan, in ta tafi su bi ta.

Mai aski, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa, ya gan shi a kan tsani ya tambayi abin da ake ciki. Da ya ji bayani sai da ya dafa bango don dariya.

"Tsaya in gane. Fitila ce, da rana ta kama, da dare ta mutu?"

"Haka ne."

"To ai laima ka ƙera wadda ba ta buɗuwa sai an ɗauke ruwa."

"Kai ne ba ka da duhu da rana," in ji Dawo Gobe daga sama. "Ni ina da shi cike da ɗaki."

Aikin bai tafi sumul ba. Wata rana kada ya mutu haka kawai. Ya kwance shi, ya bi kowace waya da mita, ya sake narka dalma, ya mayar, shiru. Ya sake kwancewa. Sai da ya yi haka sau uku, gumi na ɗiga daga hancinsa, sannan ya hau kwano ya tarar da magen gidan ta miƙe a kan farantin kada tana barcin ƙailula. Ya kore ta, ta koma kan na kunkuru. Daga ranar ya fara ajiye mata kan kifi a can bayan gida da tsakar rana, matarsa na kallonsa ta gefen ido tana taka keke. A ranta ta riga ta yanke cewa tsufa ne ya zo masa ta ka.

Rana ba ta ƙarya, Asabar ta zo. Ya tashi ya leƙa sama. Sati uku ana rana kamar za ta fasa dutse, sai yau gajimare ya rufe sama ruf. Ƙarfe goma sha ɗaya Mai Sikeli ya iso da amalankensa da sikelinsa a rataye. Bayansa kuma mutanen layi ne, don labari ya bazu cewa yau za a buɗe ɗakin Dawo Gobe, kuma babu wanda zai yarda a ba shi labari.

"Maman yara, zo ki gani," ya ce.

Ta shiga, ya rufe ƙofa. Duhu ne ƙirin, ko tafin hannu ba a gani. Suka tsaya. Ya ji numfashinta, ya ji nasa, ya ji wani abu na sukur-sukur a kusurwa wanda ya yi addu'ar kada ta ji.

"Na gani," ta ce. "Duhu ne mai kyau. Ka yi ƙoƙari."

"Ki ɗan jira. Gajimare ne."

"Maigida, shekara tara nake jira."

Ba ta faɗa da faɗa ba, a gajiye ta faɗa, shi ya sa ta fi yi masa ciwo. Ta buɗe ƙofa ta ƙwala wa Mai Sikeli kira. Ya shigo yana laluben hanya, ya rungumi abin da hannunsa ya fara taɓawa, ya ɗaga shi daidai fuskarsa yana jinjina nauyi. Iska ta turo ƙofar ta rufe. A daidai lokacin ne gajimaren ya ga dama ya matsa.

Mujiya ta buɗe ido a hannun Mai Sikeli, dab da hancinsa.

Ihun da ya yi sai da aka ji shi a bakin titi. Ya saki mujiya, Dawo Gobe ya cafe ta, shi kuma ya juya zai gudu ya yi ido biyu da kada yana haske da haƙora, ya koma baya ya zauna daɓas a cikin wani kwali. Ɗakin gaba ɗaya ya farka. Ɗawisu ya baje, kifi ya watsa launi a bango da rufi, ƙadangarun rimot sun yi layi a kan katako da jajayen idanu, wani tsohon talabijin da aka cire wa gilashi ya zama gari guda, da tituna da gidaje, duk daga koren allon cikinsa. Sun kai arba'in, kowanne na numfashi da haske yadda rana ke ƙaruwa.

Dawo Gobe bai kalli ko ɗaya ba, matarsa yake kallo. Launin kifin na yawo a fuskarta, bakinta a ɗan buɗe, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Ta daɗe a haka.

"Kai ka yi wannan?" ta ce.

"Ni da rana."

"Wannan dutsen guga ne?"

"Da can."

Ta sa hannu ta shafa bayan kunkurun, ta juya ga mutumin da ke cikin kwali. "Mai Sikeli, tashi ka tafi. Babu bola a nan."

Da a nan abin ya tsaya, da Dawo Gobe ya kwana yana murmushi. Amma ihun ya riga ya jawo jama'a, suka dinga shigowa biyar-biyar ana rufe ƙofa, ana salati ana tafa hannu. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hasken da ya nuna dabbobin shi ya nuna farin salatif da ke jikinsu.

Mai aski ne ya fara sunkuyawa kan mujiya ya karanta da ƙarfi. "Mai kunnuwa kamar faranti. Ba ya kama tasha." Ya yi dariya. Sai dariyar ta tsaya. Ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa kunnensa. "Kai! Wannan ai rediyona ne!"

"Shekara goma sha huɗu ba ka tambaya ba," in ji Dawo Gobe.

"Yau na tambaya. Ni ne mai kunnuwan, kowa ya duba." Ya juya kai hagu da dama don a shaida, aka kuwa shaida.

Shi ke nan aka ɓalle. Kowa ya duƙufa karatun salatif yana neman aibinsa. Wata mata da ke sayar da kayan miya ta rungume ɗawisu tana ihu, "Mai surutu ba birki! Ni ce, wallahi ni ce, a tambayi mijina!" Mijin daga baya ya ce ba sai an tambaye shi ba. Wani malamin makaranta mai ji da kansa ya tsaya gaban kada ya karanta a ransa, ya gyara wuyan riga, ya ce cikin murya ƙasa-ƙasa wai yana jin kamar nasa ne. Aka ce sai ya karanta a fili. Ya yi gyaran murya ya ce, "Mai tafiya kamar agwagwa." Aka buɗa masa fili ya yi taku huɗu, aka miƙa masa kada ba gardama.

Dawo Gobe na tsaye a tsakiya, dariya ake yi ta ko'ina amma ban da shi. Sati uku ke nan da ya fara jin shi mutum ne mai sana'a, ga shi ana ɗaukar abin ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta lura. Ta matso ta ja hannun rigarsa.

"Maigida, ka hana mana. Kai ka yi wahalar. Da ba don kai ba ko kallonsu ba za su yi ba."

Ya so ya hana. Kalmar ta zo har bakinsa. Sai ya ga wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a gidan kusurwa ta tsaya gaban wani ɗan rediyo da ya mai da shi zakara, ta kira matar mai aski ta karanta mata, don idonta ya yi rauni.

"Mai dariya kamar injin niƙa," aka karanta.

Tsohuwar ta rufe baki da gefen mayafi. "Shi ne," ta ce. "Marigayi ne. Haka yake yi, har maƙwabta su leƙo." Ta dubi Dawo Gobe. "Ɗana, zan iya ɗauka?"

"Naki ne, Iya," ya ce. Ya juya ga matarsa. "Masu su sun zo, Maman yara. Riƙe min tsani."

Haka ya wuni yana hawa yana sauka, yana kwance faranti yana naɗe waya, yana yi wa kowa bayani: faranti a rana, dabba a duhu, ƙarƙashin gado ko cikin kabad ko cikin kwali, kuma a kula da mage. Kayan waɗanda suka tashi daga unguwar ma ba su rasa magada ba, don da wuya a rubuta aibin da za a rasa mai shi a layi guda. Kifi kaɗai mutum uku suka tsaya a kansa, kowa na rantsuwa shi ne "mai gajeren wuya". Sai da matarsa ta saki tsani ta ciro tef ta auna su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ci ya tafi yana taƙama kamar an ba shi sarauta. Ƙoƙunan talabijin da ragowar tarkace kuwa, duk wanda ya ɗauki dabba sai Dawo Gobe ya haɗa masa da sauran kayansa, ya ce ba ya riƙe hanjin kowa.

Mai Sikeli bai tafi ba, yana rakuɓe a bakin ƙofa da amalanke wayam. Can da aka kusa gamawa ya matso ya nuna wata tocila da ta zama ƙwaro mai wuta a gindi, ya ce a hankali, "Waccan fa?"

Mai aski ya riga kowa karantawa. "Mai danna sikeli da ƙafa."

Aka zuba masa ido. Mai Sikeli ya dubi jama'a, ya dubi ƙwaron, ya auna su a ransa.

"Da can ne," ya ce, ya sa shi a aljihu.

Kafin la'asar ta yi sanyi ɗakin ya zama fayau. Aka buɗe taga da ƙyar, haske ya shigo ya nuna ƙura da sawun ƙafafu da wani rami a kusurwa da aka toshe da tsumma nan take. Jama'a suka watse. Daga nesa ana jiyo mai aski yana kiran mutane su zo su sa kai a kwali su ga mujiya.

Dawo Gobe ya zauna a kan bencinsa a tsakiyar ɗakin, hannuwa a kan gwiwa. Bai san ɗakin na da girma haka ba. Ya ci gardama, an ce ba bola ba ce a gaban kowa, kuma ba shi da ko noti ɗaya da zai kwance gobe. Ya ji kewa ta kama shi, irin wadda ya ji ranar da autarsu ta bar gida.

"Ga ɗakinki," ya ce da ya ji takun matarsa. "Ki sa a shigo da keken. Ni zan koma baranda da bencin."

Ta zagayo gabansa ta ɗora masa wani abu a cinya, naɗe cikin tsohon zani. Ya warware. Ƙaramar rikoda ce ja, mai cin kaset ɗaya, ko ƙwarzane babu a jikinta. Ya gane ta nan take. Ita ya fara saya mata da hannunsa a shekarar da suka tare, ta ce masa ta ɓata a wata ƙaura da suka yi.

"Ba ta ɓata ba," ta ce. "A ƙasan akwatina take. Ɓoye ta na yi, don na san ka. In ba ka nan nake kunnawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta daina magana."

"Shekara goma sha ɗaya? Kina gida ɗaya da mai gyara?"

"In na kai wa wani, na ci amanarka. In na kawo maka, ba zan ƙara ganinta ba. Sai na bar ta a kwance."

Ya juya rikodar. Notuna huɗu ne a bayanta, manya, masu mutunci. Ya shafa su da babban yatsa, ya kasa ɗagowa ya dube ta.

"In gyara ta, ko in mai da ta wani abu?"

"Abin da ka ga dama. Amma a ɗakin nan za ta zauna, inda zan ɗago in gan ta." Ta zare tef daga wuya ta nufi bango. "Keke bango ɗaya yake ci. Bencinka ya tsaya inda yake."

"Kin buɗe taga ai. Ba sauran duhu."

"To ni mene ne aikina? Akwai baƙin yadi mai kauri da ya rage min, zan yi maka labule a kusurwar can." Ta miƙo masa bakin tef ɗin. "Tashi ka riƙe min nan, kada ka saki."

Ya tashi, rikodar a rungume a ƙirjinsa da hannu ɗaya, ya danna bakin tef ɗin a bango da ɗayan. Ta ja da baya tana warwarewa.